Gashin Tela a Kan Mai Hoto

Shekara talatin da huɗu Mai Hoto ya yi yana gyara wa mutane fuska, kuma har kwanan baya in ka ce masa ƙarya yake sayarwa sai ya ɓata rai ya ce shi gyara yake yi. Shagonsa ɗaki ne da rabi a bakin titi, tsakanin shagon Tela da na mai gyaran waya. A ciki akwai farin labule na hoton fasfo, da wani mai zanen teku na masu son a ɗauka sun taɓa fita waje, da kujerar katako wadda ƙafarta ɗaya ke tsaye da taimakon ninkakken kwali. A bango ya kafa madubi, ya ɗaure mataji da zare a gefensa don kada a yi gaba da shi. Matajin nan ya yi wa dubban mutane amfani, ban da wanda ya saye shi.

Sanƙo ya kama shi tun bai cika talatin ba. Ya faro daga gefen goshi biyu, wani kuma ya ɓullo ta tsakiyar kai, suka yi ta matsowa a hankali har suka haɗu. Kafin ya kai arba'in an gama magana. Abin da ya rage masa wani ɗan zagaye ne daga kunne zuwa kunne ta ƙeya, wanda mai aski ke gamawa da shi tun ba su gama gaisawa ba. Mu masu irin wannan kan dabararmu ɗaya ce: ka riga kowa yi wa kanka dariya, sai mai tsokana ya rasa abin faɗa. Mai Hoto ya ƙware a nan. In aka ɗauke wuta yana tsakiyar aiki, sai ya ce wa wadda ke kan kujera, "Kada ki damu, Hajiya, bari in cire hula in haska ki." A yi dariya, ya danna, hoto ya fito da murmushi na gaske.

To, mutumin da ke iya sa jariri mai kuka ya washe baki, ya sa tsoho mai taurin wuya ya ɗago haɓa, shi ne in aka miƙa masa waya aka ce ga 'yarka sai harshensa ya yi nauyi. Autarsa nas ce a sashen fata na wani babban asibiti, a garin da sai ka wuni a mota kafin ka kai. Shekara uku da tafiyarta. In ta kira, hirarsu ba ta wuce haka: "Kina lafiya? To madalla. Ga mamanki." Matarsa ta sha ce masa wanda ya kira bisa kuskure ma ya fi 'ya'yan cikinsa samun hira. Ba rashin so ba ne. Yana kewar yarinyar nan har wani lokaci abinci ya fita ransa, faɗar ce bai iya ba. Shi ma haka mahaifinsa ya yi da shi har ya bar duniya, sai ya ɗauka haka ake yi.

Wata Asabar direban motar haya ya sauke masa kwali. Ya buɗe ya tarar da wata farar hula ta roba mai tauri, kamar kwanon sha an kife shi, da igiyar caji. Ya danna wani maɓalli a gefe, sai cikinta ya kama ja jawur, ƙananan fitilu jere-jere sun fi ɗari. Yana cikin juya ta Auta ta kira.

"Baba, saƙon ya iso?"

"Ya iso. Ƙwai nawa take ƙyanƙyashewa?"

"Ta kanka ce. Jan haske ne, yana ɗan farfaɗo da saiwar gashin da ba ta gama mutuwa ba. Ba kowa yake yi wa aiki ba, kuma ya fi kama wanda gashinsa ya fara zuba kwanan nan. Naka ya daɗe, don haka ban yi maka alkawari ba. Amma mu gwada wata shida."

Ya yi dariya har da tari. "Auta, shekara goma sha biyar na yi a ɗakin wanke hoto, daga ni sai jan ƙwan fitila a saman kaina. A ƙarƙashinsa gashin ya zube. Da jan haske na tsirar da gashi, da yanzu kitso ake yi mini."

"Wancan don kada takardar hoto ta lalace ne, wannan daban. Minti ashirin, sau uku a mako. Kuma na san halinka, minti biyu za ka yi ka cire. Saboda haka ni zan riƙa kira, Litinin da Laraba da Juma'a, ƙarfe biyar in na tashi daga aiki. Ina kan layi har ta yi ƙara ta mutu. Duk ƙarshen wata kuma ka ɗauki tsakiyar kanka ka turo mini, wuri ɗaya, haske ɗaya. Wannan ai ba sai na koya maka ba."

Bai yarda da hular ba ko kaɗan. Amma an taɓo sana'arsa, sai ya ce to.

Ranar Litinin ya shige tsohon ɗakin wanke hoto, wato rabin ɗakin nan, wanda tun zuwan kwamfuta ya koma ma'ajiyar tarkace. Ya turo ƙofa don kada Tela ya gan shi, ya zauna a kan wani kifaffen bokitin fenti, ya ɗora hular ya kunna. Waya ta yi ƙara. Suka gaisa, ya ce madalla, ya waiga neman wanda zai miƙa wa wayar, babu kowa sai tsofaffin firam na rataya hoto. Bai taɓa sanin minti ashirin na da tsawo haka ba. Yana jin numfashinta, yana jin ƙarar motoci ta can wajenta, yana jin ɗumin hular a fatar kansa. Can ta ce, "Baba, a ina kake zaune?" Ya gaya mata. Ta ce ta tuna warin ɗakin, wani wari mai tsami da yake komowa gida da shi a riga. Ya ce ai ruwan wanke hoto ne, tire uku ne a jere, na farko shi ke fito da fuska, na biyu ya tsayar da ita, na uku ya zaunar da ita dindindin. Ta ce yaya fuskar take fitowa a farar takarda? Ya fara bayani. Hular ta yi ƙara ta mutu bai kai tire na biyu ba.

Daga nan bakin ya buɗe. Ya ba ta labarin maigidansa na farko, wani tsoho mai rawar hannu wanda in ya riƙe fensir zai gyara fim sai hannun ya tsaya cak, shi ya koya masa cire ƙurji daga kumatun amarya ba tare da ta zama wata ba. Ya ba ta labarin shekarar da ya ɗauki hoton fasfo na wata makaranta gaba ɗaya, yara ɗari uku masu aski iri ɗaya, iska ta watsar da takardar sunayen, ya yi kwana biyu yana bin aji-aji yana tambayar wane ne wannan. Ya ba ta labarin ranar da mamanta ta zo ɗaukar hoton katin makaranta, ya ce mata ya ƙone ta dawo, ta dawo ya ce ta ƙifta ido, ta sake dawowa ya ce inuwa ta shiga, sai a zuwa na huɗu ta ce masa, "In magana ce da kai ka faɗa, ƙafata ta gaji." Auta ta yi dariya har ya ji wani a cikin motar hayar da take ciki yana tambayarta ko lafiya. Shekara ashirin da shida da haihuwar yarinyar nan, bai san haka dariyarta take ba in ta saki jiki.

Ya koma mutum mai duba agogo. In mai fasfo ya shigo biyar saura, sai a ɗauke shi yadda ya zo, ko da wuyan rigarsa a karkace. Da safe yana shara yana tanadin labarin da zai bayar da yamma.

Tela ne ya fara gano shi. Sa'annin juna ne, shekara ashirin bango ɗaya ya raba su, kuma Allah ya ba Tela gashi cunkus, baƙi da 'yar furfura, wanda yake shafawa da gangan duk lokacin da suke gardama. Wata Laraba ya hango ja ta ƙarƙashin ƙofa, ya zaci gobara ce, ya banko da bokitin ruwa a hannu. Ya tarar da maƙwabcinsa a zaune, kai na ci jawur, yana ƙyalƙyala dariya da waya a kunne.

"Mutumina, caji kake yi?"

"Caji nake. In na cika zan zo in haska maka kafar allura, na ga kwana biyu laluben ta kake."

Hotunan ƙarshen wata kuwa ya ba su haƙƙinsu. Ya yi alama da alli a ƙasa inda kujera za ta tsaya, ya ɗaga ƙafafun kyamara har ƙarshe, ya karkato ta ƙasa, ya saita fitila ɗaya daga hagu, ya sa ta ɗauka da kanta bayan daƙiƙa goma. Wata na farko, fili. Na biyu, fili. Na uku ya jawo hoton kusa a kwamfuta har yana ganin ramukan fata, bai ga ko sili ɗaya ba; in ma akwai canji, sheƙi ne ya ƙaru. Shi bai damu ba, da ma bai sa rai ba. Auta ce ta damu, a waya ta ce, "Baba, gaskiya na yi tsammanin haka, wurin ya daɗe da rufewa. Mu ga wata na huɗu. In babu ko ɗan tsiro, ba amfanin in yi ta wahalar da kai, sai ka ajiye ta."

Ya ce to a baki kawai. In aka ajiye hula, me zai sa ta kira ƙarfe biyar? Za su koma kina lafiya, ga mamanki. Da wani uban ne, da sai ya buɗe baki ya ce, 'yata, ki ci gaba da kirana ko babu hula. Maganar ta zo masa, ya juya ta ya juya, ya ji ta fi ƙarfin bakinsa. Dasa gashi a kwamfuta ya fi masa sauƙi, abin da ya yi wa angwaye ba adadi.

Washegarin ranar da Tela ya yi aski, Mai Hoto ya leƙa shagonsa ya ce ya canza ƙwan fitila, yana son gwaji. Tela ya zo ya zauna, ya gyara wuyan riga, ya saki murmushi. Aka ce masa ya sunkuya.

"In sunkuya? Fuskar fa?"

"Me za a gwada da fuskarka? Sunkuya."

Ya ɗauki tsakiyar kan Tela sau shida, da fitila ɗaya daga hagu.

Aikin da ya yi a hoton wata na huɗu, har yau yana cewa bai taɓa yin kamarsa ba. Sili-sili ya riƙa tsinko gashin Tela, yana rage masa kauri, yana dusashe launinsa har ya koma irin na jariri, yana dasawa a gefen filin, inda mai hankali zai yi tsammanin tsiro ya fara. Kowane sili ya yi masa 'yar inuwarsa ta dama. Guda arba'in da uku ya dasa, ya cire biyar don kada abin ya yi yawa. Baƙin cikinsa ɗaya, ga aiki ya yi kyau, babu wanda zai nuna wa. Matarsa ta kawo masa abincin rana ta tarar da shi a kai.

"Wannan kan wane ne?"

"Nawa."

Ta dubi kwamfuta, ta dubi kan da take gani shekara talatin da ɗoriya, ta ajiye kwano. "Malam, yarinyar nan ta yarda da kai. Ka gaya mata gaskiya."

"Ɗan gyara ne."

"Allah ya shirya," ta ce, ta gyara mayafinta ta fita.

Auta ta kira tun kafin biyar, cike da murna. "Baba! Ka gani? Ka ga gefen hagu? Wallahi ban zaci zai yi ba!" Ya ce shi ma ya yi mamaki. Kunya ta ɗan taɓa shi, amma daɗin jin muryarta ya danne kunyar. Aka ci gaba da Litinin da Laraba da Juma'a. In ta ce a yi kiran bidiyo ta gani da idonta, sai ya ce kyamarar wayarsa ta lalace, shi da ke da mai gyaran waya a jikin bango.

Wata na biyar ya ƙara ɗari da wani abu, ya ɗan ba na farkon kauri, alamar sun girma. A wata na shida ne ya yi abin da ya daɗe yana raina masu yi. Ya san mutanen da ke tsayawa a bayansa suna cewa ƙara haske kaɗan, rage kumatun kaɗan, har a kai inda mahaifiyarsu ma ba za ta gane su ba. Yau ga shi shi ne mai hoton, shi ne mai gyaran, ba mai ce masa ya isa. Ranar kuma ɗalibai sun cika shago, babu lokacin sili-sili. Sai ya yanko gashin Tela faci-faci ya lilliƙa, ya shafe bakin kowane faci, ya ja baya ya duba. Kai ya cika taf. Ko yana ɗan ashirin da biyar bai mallaki irin wannan ba. Ya daɗe yana kallon hoton, kuma gaskiyar magana mutumin ya burge shi. Duk shekarun nan da yake yi wa sanƙo dariya, ashe akwai inda yake masa ciwo. Ya tura.

Amsa ba ta zo ba sai bayan kwana uku, a rubuce: "Na gani, Baba. Tunda ya fito haka, sai ka ci gaba da kanka."

Litinin ƙarfe biyar ya zauna a kan bokiti, hula a kai, waya a gwiwa. Hula ta yi ƙara ta mutu, waya ba ta ce komai ba. Laraba haka. Juma'a har ya sa mai gyaran waya ya kira shi don gwaji, ta yi ƙara lafiya lau. Sai ya zauna ya yi tunani irin na masu wayo: ya warke da yawa ne, nas ta sallami mara lafiya. To maganin wannan ai mai sauƙi ne, gashin da ya fito zai iya komawa. Asabar da safe ya buɗe hoton wata na shida, ya fara tsige wa kansa gashi a hankali, yana shirya zubar da za ta ɗauki wata shida nan gaba, irin wadda sai da kulawar nas sau uku a mako.

Yana cikin haka Tela ya shigo aron tsintsiya, ya tsaya a bayansa. Ya matso, ya ɗora yatsa a gilashin kwamfuta.

"Wannan ai tabona ne."

"Wane tabo?"

"Na ƙofar mota, tun ina yaro. Ga shi nan mai lanƙwasa." Ya shafa tsakiyar kansa, ya sake dubawa. "Ga wani nan. Kai, ga na uku! Mutumina, sau ɗaya fa ƙofar ta buge ni."

Mai Hoto ya jawo hoton kusa. Ga su nan kuwa, ɗan farin tabo iri ɗaya sak, a wuri uku. Tela ya dafa tebur yana dariya har da hawaye, yana cewa a maido masa da kayansa kafin matarsa ta ji an raba shi uku. Mai Hoto ya taya shi don sabo, amma dariyar ba ta wuce maƙogwaro ba. Tela mai laluben kafar allura ya gani cikin minti ɗaya. Ina ga yarinyar da aikinta ke nan, duban fatar mutane?

Ya rufe shago da rana tsaka, abin da ba ya yi sai an yi rasuwa, ya tafi gida. Ya tarar da matarsa tana shanya. Tun bai yi magana ba ta ce, "Kullum muna waya da Auta. Ta ce kada in gaya maka komai, ni kuma na ce ba ruwana. Ga waya nan a aljihunka, yau yarinyar ba ta je aiki ba."

"In ce mata me?"

"Kai da ke sa mutanen gari su saki fuska, ka rasa abin da za ka ce wa 'yarka?" Ta ci gaba da shanyarta.

Ya shiga ɗaki ya zauna a bakin gado. Sai da ya nemo lambar ya lura bai taɓa danna ta da hannunsa ba, kullum ita ke kira. Ta yi ta ƙara har ya fara fatan kada a ɗauka.

"Baba? Lafiya? Wani abu ya samu Mama?"

Tambayar ta soke shi. Wato a wurinta, in shi ya kira, to mugun labari ne.

"Kowa lafiya. Auta, gashin nan ba nawa ba ne. Na Tela ne."

"Na sani."

"Babu abin da ya fito. Ko ɗaya. Tun na wata huɗu ni na..."

"Na sani, Baba." Muryarta a kwance take, kuma da faɗa ta yi da ya fi masa sauƙi. "Ka san yadda aka yi na sani? Duk Litinin da safe muna taro da babbar likitarmu, ana nuna hotunan marasa lafiya a babban allo. Ni da rawar kai na ce ina da abin nunawa. Na jera hotunanka shida, na ce mahaifina ne, sanƙon sama da shekara ashirin. Mutum goma sha huɗu a ɗakin. Likita ta ce a jawo na ƙarshen kusa. Ta daɗe tana dubawa, sannan ta tambaye ni ko mahaifina ya saba faɗuwa iri ɗaya sau uku."

Da a kan wani aka yi, da Mai Hoto ya ce likitar nan ta iya magana. Ya runtse ido.

"Aka yi dariya. Ni kuma ban gane ba, Baba, shi ne abin. Na tsaya ina musu. Na ce babana ba zai yi haka ba. Sau biyu na faɗa."

Ya nemi abin dariyar da zai fake a bayansa kamar yadda ya saba, ya laluba ko'ina bai samu ba. Dole ya faɗi abin yadda yake. Ya ce ta ce in babu tsiro a ajiye hula, shi kuma ya san in an ajiye hula an ajiye kira. Ya ce gashi bai dame shi ba, ko ya dame shi ma ba kamar wannan ba. Ya ce tun da ta tafi gidan ya yi masa faɗi, kuma ƙarfe biyar ɗin nan ita yake jira tun daga safe. Ya ce ta yafe masa. Maganar ta fito a karkace, wani wurin har sau biyu, gumi na bin sanƙon yana shiga masa ido.

Da ya gama, ta ce:

"Shi ne ba za ka ce in ci gaba da kira ba? Sai ka je ka sunkuyar da bawan Allah?"

"Ban iya ba, Auta."

"Na yafe, Baba. Kuma labaranka ina son su, wallahi ina son su, wasu har rubutawa nake. Amma tunda yau ranar faɗar gaskiya ce, bari in faɗi tawa. Wata shida muna waya sau uku a mako. Ka san na tashi daga gidan da nake?"

Bai sani ba.

"Wata huɗu ke nan. Ka san na rubuta jarrabawar ƙarin girma na faɗi? Akwai Juma'ar da na kira ka ina kwance da ƙarin ruwa a hannu, da ɗayan hannun na riƙe wayar. Ina ta jira ka ce, ke fa? Sai hular ta yi ƙara, ka ce sai Litinin."

Shi da ya ɗauka ya zama uba mai hira, ashe rediyo aka kunna wa yarinya wata shida. Kunyar wannan ta fi ta gashin Tela nesa ba kusa ba. Ya gyara zama, ya share gumi da hannun riga.

"To... ke fa?" ya ce. "Wane irin gida ne? Akwai ruwa?"

Ta yi wata 'yar dariya haɗe da jan hanci, ta ce ruwa sai an hau da shi bene hawa uku. Ta fara ba shi labarin mai gidan, da maƙwabciyarta mai yara biyar, da tagar da ba ta rufuwa, da tambaya ta bakwai da ta kayar da ita a jarrabawa. Tana maganar taga ya tuna wata taga da ya taɓa fama da ita a gidan hayarsu na farko, labari mai daɗin gaske, har ya ja numfashi zai fara. Ya cije leɓe ya haɗiye shi. Sau uku labari yana zuwa masa har baki yana mayar da shi, kuma bai taɓa yin aikin da ya ba shi wuya kamar wannan ba.

"Baba, kana ji na kuwa? Na ji ka yi shiru."

"Ina jin ki," ya ce. "Ci gaba."